Ibrahim Mahmud Alfa: Ɗan Garkida da ya jagoranci mayaƙan sama

A shekarar 1942 aka haifi Ibrahim Mahmud Alfa a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yau. A Jimeta ya fara karatun boko, ya yi sakandare a Yola, sannan ya wuce Kwalejin Barewa da ke Zariya. Cikin 1963 ya shiga sahun matasan farko da aka ɗauka domin kafa rundunar sojan saman Najeriya, aka tura su Jamus ta Yamma koyon aiki. Ya dawo gida a 1966, bayan shekara guda kuma yaƙin basasa ya ɓarke, ya koyi sarrafa jiragen MiG na Tarayyar Sobiyet.

Ya mulki jihar Kaduna daga 1978 zuwa 1979. A farkon 1984 aka naɗa shi Babban Hafsan Sojan Sama, ya riƙe muƙamin har 1990, a zamanin Janar Buhari da Janar Babangida. Shi ne hafsa na farko a rundunar da ya kai matsayin Iya Mashal.

A zamaninsa jiragen Jaguar 18, ƙirar haɗin gwiwar Birtaniya da Faransa, suka iso ƙasar nan, aka girke su a Makurdi. Aikinsu kai hari ƙasa ne, kuma sakin bam daga jirgi mai tsananin gudu ba ƙaramin al'amari ba ne. Iskar da ke ratsa ƙarƙashin fiffike tana iya juya bam ɗin ya daki jirgin da ya sake shi. Don haka masu ƙera jirage sukan gwada kowane nau'in bam a gudu da tsayi daban-daban kafin a amince a ɗora shi. Irin wannan jirgi yana buƙatar ƙwararrun matuƙa, da injiniyoyi, da kayan gyara a kai a kai.

Nan ne aka samu cikas. Cikin Maris 1986 aka harbe wasu hafsoshin sama tare da Manjo Janar Mamman Vatsa bisa laifin shirya juyin mulki. Tattalin arziki ma ya taɓarɓare, kuɗin gyara ya yi ƙaranci. A farkon shekarun 1990 jiragen Jaguar suka daina tashi.

Jiragen Alpha Jet da aka saya a shekarun 1980 kuwa sun yi ƙarko. Daga sansanin Yola, garin da Alfa ya yi karatu, aka riƙa tashinsu domin yaƙar Boko Haram.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 16 ga Maris, 2000. Allah ya jiƙansa da rahama.