Mamman Shata: Waƙa Ɗaya, Fuska Ɗari

A ranar Juma'a, 18 ga watan Yuni na shekarar 1999, Allah ya karɓi ran Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka ɗauki gawarsa zuwa Daura inda aka yi masa sutura. Yau fiye da shekara 25 ke nan, amma har gobe muryarsa ba ta bar tashar mota da shagon tela da rumfar mai shayi ba, har ma da wayoyin samarin da ba a haife su ba lokacin da ya kwanta dama. Mai karatu, abin da nake so mu duba shi ne dalilin da ya sa waƙar wannan bawan Allah ta ƙi tsufa, da kuma hakkin da ya rataya a wuyanmu game da ita.

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, ba maroƙi ba ne, bai kuma so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani kiɗa da waƙa sana'ar gado ce. Yaron ya taso yana tallar goro da alewa, yana rera waƙa don jawo masu saye, daga nan ya shiga dandali yana waƙoƙin asauwara tare da samari da 'yan mata. Ya zauna a Bakori, daga bisani ya kafa gida a Funtuwa, ya kuma zaga ƙasar Hausa da maƙwabtanta da ƙungiyarsa.

Rashin gadon nan ya zame masa alheri. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yi fice da kotso, suna da ubangida da tsarin da aka san su da shi. Shata kuwa sai ya riƙe kalangu, kiɗan da aka fi sani da mahauta da 'yan matan dandali, ya shiga da shi har zauren sarakuna. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da dogarai da mata masu sana'a. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa gwiwa, kuma da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, kumbon Apollo 11 ma bai tsira daga bakinsa ba. Yana da waƙar shaye-shaye da malamai suka yi tir da ita, yana kuma da ta yabon Manzon Allah (SAW) wadda ake saurare da natsuwa. Har siyasa ya taɓa, ya yi kansila a Kankiya a shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a Jamhuriya ta Uku.

Masu ilimi ba su yi jinkirin gane darajarsa ba. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Bayan rasuwarsa, a 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

To, ina sirrin yake? A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, ina ganin yana wurare biyu. Na farko shi ne auren da ya ɗaura tsakanin harshe da kalangu. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar kuka ta zubar da hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. Shi kuma kalangu, idan makaɗi ya matse tsarkiyarsa a hammata sauti ya hau, idan ya sassauta ya sauka, don haka yana iya bin maganar Bahaushe gaɓa da gaɓa. Shata ya san inda zai ja dogon wasali, da inda zai datse gaɓa ta faɗo daidai kan bugun ganga, cikin Katsinancinsa da bai taɓa jin kunyarsa ba. Amshinsa gajere ne, sau da yawa layi ɗaya tak, kuma a ɗan lokacin da 'yan amshi ke maimaita shi ne yake ƙulla ɗan waƙar da zai biyo baya.

Wannan ya kai mu ga sirri na biyu. Shata ba ya rubuta waƙa, ba ya kuma haddace ta ya ajiye; a gaban jama'a yake gina ta. Duk wanda ya saurari Bakandamiya, waƙar da yake yi wa kansa kirari a cikinta, a ɗauka daban-daban, zai tarar amshin yana nan daram, amma 'ya'yan waƙar sun sauya. Garin da aka yi wasan ya shigo ciki, wanda ya yi kyauta a daren ya sami ambato, wanda ya yi rowa ya sha habaici. Saboda haka masoyansa na haƙiƙa ba su tsayawa ga sunan waƙa, sai sun tambaya wace ɗauka ce, ta faifan garmaho ko ta gidan rediyo ko ta wani biki. Ni kaina na fi son ɗaukar fili, inda ake jin guɗar mata da sanƙirar maroƙi da dariyar 'yan kallo, domin a nan ne ake ganin mawaƙin yana tunani da sauri irin na walƙiya.

A 'yan shekarun nan matasa da dama suna sake rera waƙoƙinsa a situdiyo da fiyano da kwamfuta. Ban ga laifinsu ba, hasali ma sun kai sunansa kunnen da ba zai taɓa neman tsohon kaset ba. Sai dai akwai gyara. Kiɗan na'ura bugunsa a ƙayyade yake, ba ya jiran mawaƙi, don haka sau da yawa akan tanƙwara karin kalma ko a gajarta dogon wasali don ta shiga awo. Sannan mai maimaitawa yakan haddace ɗauka guda ya mayar da ita tamkar ita ce waƙar, alhali fuska ɗaya ce cikin ɗari. Wanda ke son ya gaji Shata da gaske, sai ya koyi tsayawa gaban taro ya ƙirƙiri ɗan waƙa nan take, ya kuma bar kalangu ya yi magana.

Babban abin tsoro shi ne salwantar waɗannan fuskoki. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da damina, kuma dattawan da suka san ranar da aka yi kowane wasa da wanda aka yi wa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da gidajen rediyon jihohi da Gidan Arewa da sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, su haɗa hannu da iyalan marigayin da masu tsofaffin kaset a kasuwanni, a tattara kowace ɗauka, a juye ta a na'ura, a rubuta wuri da shekara da sunayen makaɗa. Kada a zaɓi guda a ce ita ce ingantacciya a watsar da sauran. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya yafe masa kura-kuransa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen, amin.