Joji Mula, Uban Marayu na Biristol

Tun da muna nazarin addu'a, ya kamata mu dubi mutum ɗaya wanda ya shekara fiye da 70 yana yinta, yana kuma rubuta abin da ya roƙa da abin da ya samu, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta shigar kuɗi da fitarsu. Sunansa Joji Mula.

An haife shi a ƙasar Jamus ran 27 ga Satumba, 1805. Ubansa mai karɓar haraji ne, yaron kuwa tun bai kai shekara 10 ba ya riga ya iya satar kuɗin da ke hannun uban. A daren da uwarsa take bakin mutuwa, shi yana wajen karta da abokai. Yana da shekara 16 aka kulle shi a kurkuku kwana 24, domin ya ci ya sha a masaukin baƙi ya gudu bai biya ba. Duk da haka uban ya aike shi jami'ar Halle ya koyi aikin fasto, gama a ganinsa aiki ne mai albashi da kwanciyar rai.

Cikin watan Nuwamba, 1825, wani abokinsa ya kai shi gidan wani mai bi, inda mutane kaɗan sukan taru ran Asabar da yamma. Da suka gama waƙa sai ɗaya daga cikinsu ya durƙusa ya yi addu'a. Mula bai taɓa ganin mutum ya durƙusa don addu'a ba, shi ma bai taɓa yi ba, ga shi kuwa ɗalibin tauhidi. Ya ga mutumin nan bai kai shi ilimi ba, amma yana magana da Wanda ya sani. Daga wannan dare rayuwarsa ta juya.

A 1829 ya tafi Ingila. A 1830 ya auri Maryamu, suka kuma shirya su biyu ba zai ƙara karɓar albashi ba, domin albashin daga hayar kujerun ɗakin sujada yake fitowa, watau mai kuɗi ya zauna gaba, talaka baya. Ya ga wannan ya saɓa wa Yakubu sura 2. Aka ajiye akwati, mai so ya saka. Suka ƙudura ba za su faɗa wa kowa bukatarsu ba sai Allah, ba kuwa za su ci bashi ba. A 1832 suka koma birnin Biristol.

Can ya buɗe gidan marayu na fari cikin Afrilu, 1836, don 'yan mata 30. A nan sai mu lura da kyau, gama mutane da yawa sukan kuskure dalilinsa. Tausayin marayu yana nan, amma shi da kansa bai sa shi farko ba. Yana ziyartar masu bi, ya tarar da magidanci yana aiki sa'a 14 ko 16 a yini, ba shi da lokacin Littafi Mai Tsarki don tsoron yunwa. Ya tarar da tsoho yana fargabar tsufa, da ɗan kasuwa yana ha'inci yana cewa in ba haka ba ciniki ba ya tafiya. Dukansu sun gaskata Allah ya ji Iliya a zamanin dā, amma ba su tabbata yana jinsu a Biristol ba. Mula ya so a sami abin da za su gani da ido: matalauci wanda bai roƙi kowa ko kwabo ba, yana ciyar da marayu ta wurin addu'a kaɗai. Manufar addu'arsa ke nan, a san Allah mai rai ne, mai aminci kuma. Abincin yara shaida ne.

Shaidar ba ta zo da sauƙi ba. Daga 1838 aka yi shekaru ana hannu baka hannu ƙwarya. Sau da yawa akan ci na safe ba a san inda na rana zai fito ba, sai ma'aikata su taru su durƙusa, waɗansunsu har su ba da nasu. Amma yaran ba su kwana da yunwa ba. Gaskiya ne yakan buga rahoton aikin, mutane kuwa sukan karanta su aiko da taimako. Shi ma ya san za a faɗi haka, saboda haka a ƙarshen 1841, sa'ad da hannu ya fi bushewa, aka jinkirta rahoton da gangan.

Kada kuma mu zaci addu'a ta hana shi aiki. Wajen ƙarshen 1857, cikin tsananin sanyi, babbar tukunyar ƙarfe da ke ɗumama gidan yara 300 ta fara yoyo. Ya kira masu gyara, ya sa ranar aiki, sa'an nan ya roƙi abu biyu: iskar arewa mai sanyi ta juya, masu aikin kuma su sami zuciyar aiki kamar mutanen Nehemiya. A ranar da aka kashe wutar iskar kudu ce ke busawa, masu gyaran kuwa da kansu suka ce za su kwana suna aiki.

Darasin da muka fi bukata shi ne wanda ya koya a 1841. Shekaru da yawa yakan fara addu'a da tashinsa daga barci, amma hankalinsa yakan yi ta yawo, wani lokaci rabin sa'a, kafin ya shiga addu'a ta gaske. Wane ne a cikinmu bai san wannan ba? Sai ya sake tsari. Ya fara da buɗe Sabon Alkawari, ya ɗauki aya ɗaya yana tunani a kanta, har ayar ta zama tuba, ko godiya, ko roƙo domin wani. Ya bar Allah ya fara magana, shi kuwa ya amsa. Don haka kafin ya roƙi abu yakan nemi nufin Allah a kansa tukuna, ya kuma binciki zuciyarsa ko son kansa ne ke tura shi.

Ba dukan abin da ya so aka ba shi ba. Ɗansa Iliya ya mutu a 1835 yana da wata 15. A Fabrairu, 1870, shekarar da gidaje 5 na tudun Ashley Down suka cika, masu ɗaukar yara wajen 2,000, Maryamu ta kwanta ciwo. Ya roƙa a tashe ta in hakan ne alheri. Ta rasu. Shi ne ya yi wa'azin tunawa da ita, daga Zabura 119:68, a kan nagartar Allah, ko da yake kewarta ta daɗe tana cinsa. A Nuwamba, 1844, ya soma addu'a kullum domin mutum 5 su tuba. Na fari ya tuba bayan wata 18, na biyu bayan ƙarin shekara 5, na uku bayan ƙarin shekara 6. Bayan shekara 36 sauran biyun ba su tuba ba, shi kuwa bai daina ba.

Daga 1875 zuwa 1892 ya zaga ƙasashe 42 yana wa'azi. Marayun da aka reno a hannunsa sun kai 10,024. Ran 9 ga Maris, 1898, da yamma, ya bi da taron addu'a a gidan marayu. Da safe aka kawo masa shayi, aka tarar da shi kwance a gefen gadonsa, ya riga ya cika, yana da shekara 92. Da aka lissafta dukan abin da ya bari, littattafai da kayan ɗaki da kuɗi, wajen fam 160 ne.