Ranar Da Sakkwato Ta Faɗi, Ranar Aka Haifi Sarkin Musulmi Abubakar

 Ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa a ƙauyukanmu na ƙasar Funtuwa da Malumfashi za ka ji manomi ya fasa shuka, ko uba ya ɗaga ɗaurin auren 'yarsa, wai don ranar ba ta da sa'a. To, a wannan mako za mu duba rana ɗaya tak cikin tarihin ƙasarmu, mu ga ko rana tana da laifin kanta.

Ran Lahadi 15 ga watan Maris, 1903, wadda ta zo daidai da tsakiyar Zulhajji na shekara ta 1320 bayan Hijira, sojojin Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Molan suka yi arangama da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Masu da takubba ba su iya da bindiga mai ruwan harsashi ba, kafin rana ta yi tsaka birnin Shehu ya shiga hannu. Attahiru ya yi hijira gabas, har ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli na wannan shekara. Duk wanda ya ga wannan Lahadi zai ce gidan Shehu ya ƙare ke nan.

Amma a wannan rana ce aka haifi wani yaro a garin Dange, kudu da Sakkwato kaɗan, aka raɗa masa suna Abubakar. Mahaifinsa Usman Shehu ɗa ne ga Sarkin Musulmi Mu'azu, shi kuwa Mu'azu ɗan Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yaron ya yi karatun allo da na littattafai irin na gidansu. A 1929 ya zama magatakardan gundumar Dange. Da baffansa Hassan ɗan Mu'azu ya hau gadon sarauta a 1931, sai ya jawo shi kusa, aka naɗa shi Sardauna, aka danƙa masa kula da 'yan doka da gidajen yari. Da Hassan ya rasu, aka naɗa Abubakar Sarkin Musulmi na 17 ran 17 ga Yuni, 1938, yana da shekara 35.

Sarautar da ya gada ba irin ta kakanninsa ba ce. Babu tutar yaƙi, babu sarakunan da ke kawo gaisuwa bisa tilas, ga kuma Razdan a gefe. Abin da ya rage masa shi ne haƙuri da mutunci, kuma da su ya yi mulki. Ɗan'uwansa Ahmadu Bello ya nemi sarautar tare da shi bai samu ba, sai Abubakar ya ba shi sarautar Sardauna da shi kansa ya bari. An sami saɓani tsakaninsu har ta kai ga shari'a a 1943, amma daga bisani suka sasanta. Da Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa, Sarkin Musulmi ya tsaya masa, ya kuma shugabanci Jama'atu Nasril Islam wadda aka kafa a 1962.

Babbar jarrabawa ta zo ran 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, da sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. Zukata sun tafasa, kalma ɗaya daga Sakkwato ta isa ta ƙara wa wutar makamashi. Shi kuwa da aka kashe wa ɗan'uwa, kiran da ya yi wa jama'a na haƙuri ne da zaman lafiya. Bayan wannan ya ga an karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai daga hannun En'e, ya ga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran ikon sarakuna. Iko ya yi ta raguwa, kwarjini yana ƙaruwa. Dattawanmu ba su manta ba yadda akan kewaye akwatin rediyo a daren duban wata, ba mai haramar sahur sai an ji sanarwarsa.

Allah Ya karɓi ransa ran 1 ga Nuwamba, 1988, yana da shekara 85, bayan shekara 50 a kan gado. Babu Sarkin Musulmin da ya kai shi daɗewa. Ita ma wannan rana tana da nata tarihin. A 1 ga Nuwamba, 1922 majalisar Turkiyya ta soke sarautar Usmaniyya, a 1 ga Nuwamba, 1954 kuma mutanen Aljeriya suka ɗaga tutar yaƙin ƙwatar 'yanci daga Faransa. Ga faɗuwa, ga tashi, duk a rana ɗaya. Daga cikin 'ya'yansa biyu sun hau gadonsa: Muhammadu Maccido a 1996, da Muhammadu Sa'ad a 2006.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ranar da aka yi kuka a Giginya ita ce aka yi guɗa a Dange. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mu camfi, ya hana mu zagin zamani. In ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa, ɗauki irinka ka nufi gona, kada ka tsaya lissafin kwanaki. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Abubakar, Ya sa mu cika da imani, amin.