Grace Hopper, Matar da ta Koya wa Na'ura Aike

Ƴan'uwa masu karatu, kun san yadda ake aiken yaro wurin mai injin niƙa a nan Gure. Sai a kira sunansa, a miƙa masa kwanon hatsi da kuɗi, ya tafi, ya komo da gari. In an ba shi kuɗi babu hatsi, aike ya ɓaci. To, ku riƙe wannan, ku ji labarin wata mata.

An haifi Grace Hopper a birnin New York na Amurka a 1906. Tana ƴar shekara bakwai ta kwance agogo bakwai na gidansu, don ta ga abin da ke motsi a ciki. Ta yi karatun lissafi mai zurfi, ta zama malama. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga sojan ruwa. Aka sa ta aiki da wata ƙatuwar kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa.

A wancan zamani, da lambobi ake ba na'ura umurni. Aikin da aka rubuta jiya, yau ma sai a sake kwafe shi da hannu. Lamba ɗaya ta kuskure, duka ya rushe.

A 1952 ta samo dabara. Ta tara ƙananan ayyukan wuri ɗaya, ta ba kowane lambarsa, kamar suna. In kana son aiki, ka rubuta lambarsa, ka jera abin da za a miƙa masa bi da bi. Na'ura da kanta za ta ɗauko shi. Kun ga aiken yaron nan ke nan: kira, miƙa kaya, komowa da amsa.

Sai ta ce a riƙa ba na'ura umurni da kalmomi. Aka ce mata ba zai yiwu ba. Ba ta fasa ba. Daga aikinta aka gina harshen kwamfuta mai suna COBOL a 1959, wanda har yau wasu bankuna ke aiki da shi.

Ta bar soja a 1986, tana da shekara 79. Ta rasu a 1992.

Wayar da ke aljihunku, irin wannan aiken take yi duk lokacin da kuka danna ta. In wani ya ce kun tsufa da karatu, ku tuna Grace ta wuce shekara 35 kafin ta fara taɓa kwamfuta.