Santiago Ramon y Cajal, Yaron Da Aka Fid Da Tsammani Gare Shi

A zangon da ya wuce aka tura ni wata makaranta a Nyanya domin gwajin koyarwa. A ajina akwai wani yaro wanda ba ya jin magana. Ina bayani a allo, shi kuwa yana can baya yana zanen motocin da su ke cika hanyar Keffi. Rannan na ƙwace littafinsa, na tsula masa bulala, na ce masa ba zai zama kome ba. Da dare ina shirya darasin jijiyoyi, sai na ci karo da labarin wani mutum, wanda ya sa na ji kunyar abin da na yi. Labarin nan na ke so in ba 'yan'uwana masu koyon aikin malanta.

Sunansa Santiago Ramon y Cajal, mutanen ƙasarsu Kahal su ke faɗi. An haife shi ran 1 ga watan Mayu, 1852, a wani ɗan ƙauye wai shi Petilla, a arewacin ƙasar Sifen. Ubansa likita ne mai tsanani, ya ƙudura lalle ɗansa ya gaje shi. Yaro kuwa ba abin da ya sa gaba sai zane da ƙiriniya. Yana da shekara 11 ya ƙera 'yar igwa, ya harba, ya farfasa ƙofar maƙwabcinsu, aka kulle shi 'yan kwanaki. Malamansa suka yi ta duka har suka gaji. Uban ya fid da shi daga makaranta, ya kai shi koyon sana'a wurin wanzami, daga baya kuma wurin mai ɗinkin takalma.

Cikin 1868 uban ya sake dabara. Ya tafi da shi tsohuwar makabarta suka tsinto ƙasusuwa, abin da a wurinmu ba shi da daɗin ji, ya sa shi ya zana su. Ashe zanen nan da a ke dukansa a kai, shi ne ƙofar da ilmi zai shiga masa. Ya gama karatun likita a Zaragoza cikin 1873. Aka tura shi tsibirin Kyuba yana likitan soja, zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi, ya komo gida cikin 1875. Da 'yan kuɗin da ya tara ya sayi madubin likita cikin 1877, watau na'urar nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa.

To, a zamanin nan masana sun riga sun san jikin mai rai da 'yan ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kowace da iyakarta. Amma ƙwaƙwalwa ta gagare su. In sun duba sai su ga zarurruka a sarƙe, saboda haka yawancinsu suka ɗauka jijiyoyi duka a haɗe su ke kamar komar masunta. Cikin 1873 wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wani rini mai azurfa a ciki. Rinin nan ya kan zaɓi ƙwayoyi kaɗan ya mai da su baƙi ƙirin, ya bar sauran, sai a ga ƙwaya guda da rassanta sarai.

Kahal ya fara ganin rinin nan a Madrid cikin 1887. Ya koma ya gyara shi, ya kuma yi wata hikima. Kowane manomi ya sani ƙirga dawa ya fi sauƙi tana tsiro, tun ba ta rufe gona ba. Haka Kahal ya bar ƙwaƙwalwar manyan dabbobi, ya duba ta 'yan tsaki da jariran dabbobi, tun jijiyoyinsu ba su yi rigar kitsen da ke hana rini kamawa ba. Abin da ya gani duka ya zana da hannunsa.

Ga abin da ya samu, ya fara bugawa cikin 1888 yana Barsalona. Kowace ƙwayar jijiya zaman kanta ta ke yi. Tana da jiki, da gajerun rassa masu karɓar saƙo, da dogon zare guda mai fid da shi. Saƙo ta rassa ya ke shiga, ya fita ta zare. Bakin zaren ya kan je daf da ƙwaya ta gaba, amma ba ya narkewa cikinta. Ku tuna da magina sa'ad da su ke jefa wa juna tubali. Hannuwansu ba su haɗu ba, tubali kuwa yana isa kan bango.

Da fari ba wanda ya kula, gama da harshen Sifen ya ke rubutu. Cikin 1889 ya biya kuɗin jirgin ƙasa daga aljihunsa, ya tafi taron masana a Balin ta Jamus, ya jawo dattijon masani Albert von Kölliker ya sa shi ya duba da idonsa. Dattijo ya gamsu, har ya koyi harshen Sifen domin ya karanta littattafansa. Cikin 1906 aka raba kyautar Nobel tsakanin Kahal da Golgi. Abin mamaki, Golgi ya tashi gaban taro ya nace a kan maganar koma. Kashegari Kahal ya tashi ya jera hujjojinsa.

Ya rasu a Madrid ran 17 ga watan Oktoba, 1934, yana da shekara 82. Bayan rasuwarsa da kamar shekara 20, madubi mai aiki da lantarki ya nuna 'yar tazarar nan tsakanin ƙwayoyi, faɗinta wajen kashi ɗaya cikin 50,000 na milimita. Yau an san ƙwayar baya ta kan fesa wani sinadari ya ƙetare zuwa ta gaba, shi ne tubalin. An ƙiyasta ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin nan wajen miliyan dubu 86. Waɗansu da ke cikin laka, zarensu ya kan kai mita guda, tun daga baya har tafin ƙafa. Irinsu ne cutar shan inna ta ke kashewa, saƙo ya daina isa, ƙafa ta shanye.

Ran Litinin na mayar wa yaron littafinsa. Na ba shi alli, na nuna masa hoton zanen Kahal, na ce ya zana mana ƙwaya guda a allo. Ya zana, ya fi ni iyawa nesa, ya kuma bayyana wa aji inda saƙo ke shiga da inda ya ke fita. Ban ce zai zama Kahal ba, wannan sai Allah. Amma 'yan'uwa, kafin mu ɗaga bulala, mu fara buɗe littafin yaro mu ga abin da ke ciki.