Bill Graham, Uban Fastocin Kiɗan Rok

An haifi marigayi Bill Graham a birnin Berlin na ƙasar Jamus ran 8 ga watan Janairu, 1931, a gidan Yahudawa, kuma sunansa na yanka Wulf Grajonca. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan kwanaki kaɗan a duniya. Da zaluncin 'yan Nazi ya tsananta, sai aka tura shi Faransa tare da 'yar'uwarsa, wadda ta rasu a can. Mahaifiyarsa kuwa 'yan Nazi suka hallaka ta. Ya sauka New York a 1941, maraya. Wasu mutane a unguwar Bronx suka riƙe shi, daga baya ya zaɓi sunan Graham daga littafin lambobin tarho. Ya yi aikin soja a yaƙin Koriya, har aka ba shi lambobin yabo.

Bayan ya koma San Francisco da zama, ya zama manajan wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo. Don nema mata kuɗi ne ya fara shirya wasan kiɗa a ƙarshen 1965, da ya ga abin ya karɓu sai ya mai da shi sana'a a zauren Fillmore. Daga 1966 ya riƙa sa masu zane su yi wa wasanninsa fasta, watau takardar talla mai launi da ake mannawa a bango. Wes Wilson ne ya zana mafi yawan na farkon, da haruffa masu lanƙwasa kamar harshen wuta, waɗanda sai an tsaya an ƙura ido kafin a karanta. Da suka saɓa a kan kuɗi a 1967, Bonnie MacLean, matar Graham a lokacin, ta karɓi aikin. Rick Griffin kuma ya zana wa wasan Jimi Hendrix na watan Fabrairu, 1968 ƙwayar ido mai fukafukai, wadda ta yi suna ƙwarai.

Samari suka shiga ɓamɓare fastocin daga bango suna kaiwa ɗakunansu. Ganin haka Graham ya ƙara yawan bugu, ya fara sayarwa. Kowace fasta tana da lambarta a jere, masu tarawa suna kiransu jerin BG, kuma sun haura 280 kafin ya rufe zaurukansa biyu, na New York da na San Francisco, a 1971. Lambobin nan su ne ma'aunin masu tarawa. Sun fi daraja bugun farko, wanda aka yi kafin ranar wasa, suna bambanta shi da na baya ta wajen kaurin takarda, girmanta da launin tawada.

Graham mutum ne mai adana takardu. A 1985 aka sa wa ofishinsa wuta, bayan ya fito fili ya soki ziyarar Shugaba Reagan zuwa maƙabartar sojoji ta Bitburg, inda aka binne wasu dakarun Nazi. Kayan tarihi masu yawa suka ƙone, amma dubban fastoci da ke ajiye a wani wuri suka tsira.

Ya rasu ran 25 ga watan Oktoba, 1991, lokacin da jirginsa mai saukar ungulu ya yi karo da turken wutar lantarki kusa da Vallejo a Jihar California. Yana da shekara 60. Takardun da ya buga don tallan wasan dare biyu ko uku, yau ana ajiye su a gidajen tarihi, ana kuma cinikinsu a wajen gwanjo da tsada.