Abebe Bikila: Ɗan Makiyayi da Gudun Yada Ƙanin Wani

Gudun fanfalaki, wanda Hausawa ke yi wa kirari da yada ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Ga mu da muka san Sakkwato, kusan rabin tafiyar da ke tsakanin birnin da Illela ke nan, a ƙafa, ba tsayawa. Yawancin burikan da muke ɗauke da su irin wannan tsawon gare su: karatun da aka koma da furfura, sana'ar da ake ginawa da kwabo-kwabo, tarbiyyar 'ya'ya. Shi ya sa muke so mu duba rayuwar mutum guda da ya san wannan gudu ciki da bai.

An haifi Abebe Bikila ranar 7 ga Agusta 1932 a ƙauyen Jato, a yankin Shewa na ƙasar Habasha. Mahaifinsa makiyayi ne. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya suka mamaye ƙasarsu. Da ya kai kimanin shekara 20 ya tafi Addis Ababa, ya shiga rundunar da ke tsaron Sarki Haile Selassie. A can ne wani mai horarwa daga Suwidin, Onni Niskanen, ya lura da shi. Abebe ya riga ya haura shekara 20 da 'yan kai kafin ya fara horo na sosai, shekarun da wasu ke ganin lokaci ya ƙure. Shekara da shekaru yana hawa da sauka a tuddan Addis Ababa, birnin da ke sama da mita 2,300 bisa teku, inda numfashi ke wuya. Ba wanda ya san sunansa a waje.

A shekarar 1960 aka sa shi cikin 'yan wasan Habasha zuwa gasar Olamfik a Roma. Sabon takalmin da ya samu bai zauna masa ba, har ƙafarsa ta yi bororo da ya gwada shi. Sai ya yanke shawara zai yi gudun ba takalmi.

A nan ne mutane da yawa suke karkatar da labarin. Wasu sukan ce talauci ne ya hana shi takalmi, wasu kuma su mai da abin bajinta, kamar dai ƙafa tsirara ita ce asirin nasarar. Mu dai abin da muke gani hankali ne. Mutumin ya gwada abu, ya ga zai cuce shi a doguwar hanya, ya ajiye shi, ya koma ga tafin ƙafar da ya sani tun yana bin dabbobi. Takalmin da ya ɗan matse a kilomita na farko, a na 30 ya zama wuƙa. 'Yan'uwa, nawa ne a cikinmu suka shiga babban aiki da kayan aro, da bashin da ya fi ƙarfinsu, ko da tsarin da ya yi wa maƙwabci daidai, don kawai kada a yi musu dariya a wurin tashi? An kuwa yi wa Abebe kallon raini a wurin tashi.

Ranar 10 ga Satumba aka fara gudun da yamma, aka ƙare shi cikin dare. Wani sashe na hanyar ya bi ta tsohuwar Hanyar Afiya, wadda Littafin Ayyukan Manzanni sura 28 ya nuna ta nan aka bi da Manzo Bulus zuwa Roma. Sojoji sun jeru a gefenta riƙe da wuta suna haskawa. Tun wajen rabin hanya ya rage su biyu a gaba, Abebe da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko. Abebe bai yi garajen tsere masa ba. Kafaɗa da kafaɗa suka yi ta tafiya kilomita bayan kilomita, sai dab da ƙarshe ya saki ƙarfin da ya ɓoye. Hanyar ta wuce ta gaban doguwar hasumiyar dutsen Aksum, wadda Italiya ta kwaso daga Habasha a 1937. Ya isa ƙarshe cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya ba Rhadi ratar daƙiƙa 25, ya kafa sabon tarihi na duniya, ya kuma zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinariya a Olamfik. Sarki ya ba shi kofur.

A watan Disamba na wannan shekara rundunarsu ta yi yunƙurin juyin mulki. An tsare Abebe na ɗan lokaci, aka sake shi, domin ba shi da hannu.

Ana saura kwana 40 ko ƙasa da haka a yi gudun Tokyo na 1964, ciwon afendis ya kama shi, aka yi masa tiyata ranar 16 ga Satumba. Kaɗan ne suka sa rai zai taɓuka wani abu. Ranar 21 ga Oktoba ya fito, wannan karo sanye da takalmi, domin ya sami wanda ya dace da shi. Ya gama cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya sake kafa tarihi, ya bar Basil Heatley na Birtaniya a baya da fiye da minti huɗu. Yana tsallake layi sai ya koma kan ciyawa yana motsa jiki, jama'a na ta mamaki. Horon sati biyar ba zai ba da wannan ba. Ajiyar shekaru ce ya ci. Shi ne mutum na farko da ya ci wannan gudu sau biyu a Olamfik.

A Meziko a 1968 ya shiga da rauni a ƙashin ƙafa. Bai kai rabin hanya ba ya fita, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ɗauki zinariyar. Ba ma ganin wannan fita abin kunya ne.

A watan Maris 1969 ya yi hatsari da motarsa Volkswagen, jikinsa ya shanye. Ya yi wata takwas a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Hannuwansa suka dawo, ƙafafun ba su dawo ba. Mutumin da duniya ta sani saboda ƙafafunsa ya zauna a keken guragu, ya ɗauki baka ya fara koyon harbi kamar sabon ɗalibi. A 1970 ya shiga gasar naƙasassu ta Stoke Mandeville, a harbin kibiya da ƙwallon tebur. A 1972 ya halarci Olamfik na Munik a matsayin baƙo na musamman.

Ya rasu a Addis Ababa ranar 25 ga Oktoba 1973, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 41 da muƙamin kyaftin. An binne shi da girmamawar soja a maƙabartar Majami'ar Yusufu Mai Tsarki, dubban mutane kuma suka raka gawarsa.